Yadda Za Ka Gane Inda Ikon Shugaban Amurka Ya Tsaya Kan Harajin Shigo da Kaya

Idan ka ji Fadar White House ta sanar da sabon harajin kwastan, kada ka tsaya kan adadin. Buɗe takardar umarnin ka nemo dokar da ta ambata a sakin layi na farko. Tsarin mulkin Amurka ya damƙa ikon sanya haraji a hannun Majalisa ne, shugaba kuwa aro yake yi, kuma kowane aro da sharaɗinsa.

In ka ga IEEPA, dokar dokar-ta-ɓacin tattalin arziki ta 1977, to ka yi hattara. Ta ba shugaba damar daskarar da kadarori da "tsara" shigo da kaya, amma kalmar haraji ba ta ciki ko sau ɗaya. A kanta Trump ya jingina harajin 2 ga Afrilu 2025, wanda ya ɗora wa Najeriya kashi 14. Kotun Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa da ke New York ta soke shi a watan Mayu, kotun ɗaukaka ƙara ta amince da ƙuri'a 7 da 4 a Agusta, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar a Fabrairun 2026. Ayyana dokar-ta-ɓaci kaɗai ba ya haifar da ikon da Majalisa ba ta rubuta ba.

Sauran ƙofofin suna nan, sai dai ƙunci gare su. Sashe na 122 na dokar ciniki ta 1974 bai wuce kashi 15 ba, kuma kwana 150 ne sai Majalisa ta ƙara. Sashe na 232 na dokar 1962, wanda ƙarfe da alminiyum suka faɗa ƙarƙashinsa, yana buƙatar binciken Ma'aikatar Kasuwanci kan tsaron ƙasa, har zuwa kwana 270. Sashe na 301 na dokar 1974 kuma sai Wakilin Ciniki na gwamnatin Amurka ya yi bincike ya saurari jama'a.

Inda 'yan kasuwa ke tafka asara shi ne zaman jiran kotu. Mai shigo da kayan a Amurka ne ke biya, ba mai aiko da riɗi ko zoɓo daga Kano ba, don haka shi ne zai nemi a maido masa. Ya duba lambar babi na 99 na jadawalin harajin kwastan na Amurka a takardar shigar da kayan don sanin wane haraji aka caje shi, ya adana rasit, sannan ya shigar da ƙorafi ga hukumar kwastan cikin kwana 180 daga ranar da aka rufe lissafin kayan. Wa'adin na wucewa, kuɗin na iya maƙalewa ko da kotu ta ce harajin haramtacce ne.