Yadda ake gano ciwon mota mai shokozobar iska idan ta kwana a durƙushe

Motar kawuna Marsandi ce, S-Class ƙirar da masu gyara ke kira W220, wadda aka riƙa ƙerawa daga 1998 zuwa 2005. 'Yar Kwatano ya saya, kuma a ƙauyenmu take kwana, can tsakanin Ringim da Taura, a ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da rumbu. Wata asuba bayan girbi muna fitowa daga masallaci muka tarar gabanta ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Kawu ya dube ta ya ce, "Kai, je ka kira mai faci." Na zagaya na duba, na ce, "Kawu, tayoyin nan lafiya lau suke, motar ce da kanta ta zauna a kansu."

Kafin mu gane bakin zaren, sai da wani bakanike a birni ya sa muka sayi kwamfureso, wato injin da ke hura wa shokozobar iska, har sau biyu, kowanne bai yi wata uku ba ya ƙone. Ashe wata 'yar tsaga ce a saman shokozobar gaba, wadda ruwan omo na naira kaɗan ya tona daga baya. Wannan asarar ce ta sa na koyi bin abin daki-daki, kuma mafi yawan binciken a tsakar gida ake yin sa.

Sai ka fara sanin irin motarka

Motocin nan ba su da sifirin na ƙarfe irin na Golf ko Sharon. A kowace ƙafa akwai jakar roba mai kauri, wadda makanikai ke kira balan-balan, ita ke ɗauke da nauyin motar. Akwai kwamfureso mai hura iska, da tankin ajiyarta, da akwatin bawul mai raba ta zuwa ƙafafu huɗu ta siraran tiyo, da sansa masu auna tsayin mota daga ƙasa, sai kwamfutar da ke ba kowa umarni. Marsandi na kiran nata tsarin Airmatic, kuma akwai shi a wasu E-Class ƙirar W211. Range Rover ƙirar P38 da L322 su ma iska ce.

Amma ba kowace mota mai tashi da sauka ce ke aiki da iska ba. Lexus LX470, wadda ta cika gidajen manya a ƙasar nan, mai take amfani da shi, tsarin da ake kira AHC. Wasu manyan Marsandi irin su CL da S600 suna da ABC, shi ma mai ne, kuma da matsi mai tsananin ƙarfi. Idan taka ABC ce, kada ka kuskura ka kwance tiyo ko ɗaya a gida. Abin da ke tafe na masu iska ne, sai a ƙarshe zan ɗan taɓo Lexus.

Gargaɗi ɗaya kafin komai: motar iska tana iya zubewa ƙasa cikin ƙiftawar ido, ko tana kashe. Kada ka sa kai ko hannu tsakanin taya da jikin mota, kada ka shiga ƙarƙashinta sai ka tokare ta da kututture mai ƙwari a kan ƙasa mai tauri. Jak kaɗai a kan rairayin Jigawa ba abin dogara ba ne. Ka kuma kori yara, don su ne masu son leƙe.

Gwajin kwana ɗaya

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin ko sisi. Da yamma ka tayar da mota a wuri mai shimfiɗe, ka bari ta tashi ta daidaita, sannan ka kashe. Ɗauki tef irin na tela ko na kafinta ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen jikin mota da ke saman taya, ƙafa huɗun duka, ka rubuta da alli a bango. Daga nan sai ka cire fiyus ɗin tsarin, ko ka cire kan batir. Dalili kuwa shi ne kwamfutar kan farka ta gyara zaman motar ko bayan an kashe ta, sai ta sauke sauran ƙafafun don su dace da mai yoyo, ka wayi gari ka kasa gane wace ce mai laifin. Idan za ka cire batir, ka tabbata kana da lambar rediyo, don wasu tsofaffin motocin sukan kulle shi.

Da safe ka sake awo. Idan ƙafa ɗaya ce ta sauka, to ciwon yana wannan kusurwar: balan-balan ɗin, ko tiyon da ke zuwa wurinsa, ko bawul ɗinsa. Idan gaba duka ko baya duka ne ya sauka daidai wa daida, hankalinka ya koma kan akwatin bawul, ko da yake balan-balan biyu 'yan shekara ɗaya sukan tsufa tare. Idan kuwa babu abin da ya motsa amma ka saba ganin ta durƙushe idan fiyus yana ciki, to ba yoyo ba ne, wani sansa ne ke yi wa kwamfuta ƙarya. Ni dai a wurina, saukar da ta kai faɗin yatsa biyu a dare ɗaya yoyo ne. Ɗan abin da bai kai haka ba yana iya zama sanyin hunturu, don iska takan tsuke da asuba.

Batir, fiyus da rile

Mayar da fiyus, ka ari mita wurin mai wayarin ko mai gyaran sola. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, idan tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Kwamfureso yana jan wuta sosai, don haka raunin batir kan sa allon gaban direba ya cika da gargaɗin ƙarya. Motar da sai ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure ake tayar da ita, kamar ta Kawu, ba ta rabuwa da wannan.

Yanzu tayar da mota, ka danna maɓallin ɗaga ta, ka tsuguna kusa da bampar gaba ka kasa kunne. A Marsandi kwamfureson yana ɓoye a bayan bampa, gaban taya. Abu uku za ka iya ji. Ko dai ya yi gurnani na ɗan lokaci motar ta tashi ya yi shiru, wannan lafiya ce. Ko ka ji tsit, to duba babban fiyus ɗinsa da rile, wato ɗan makunnin da ke ba shi wuta, ka gwada musanya rilen da wani mai lamba iri ɗaya. Ko kuma ya yi ta kuka ba tsayawa, wani lokaci har bayan ka zare makulli. Wannan na ƙarshen rile ne ya manne, kuma idan ka ji haka ka cire fiyus nan take, in ba haka ba kwamfureso ya ƙone, batir ya mutu. Duk ranar da aka sa sabon kwamfureso a sa masa sabon rile. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma makanikai da yawa ba sa ko tuna shi. Fiyus kuwa idan ya ƙone, kada ka yarda a ɗaure maka shi da waya. Akwai abin da ya ƙona shi.

Ruwan omo

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Dama omo ko sabulun wanke-wanke a ruwa ya yi kumfa sosai, zuba a gorar ruwa ka huda murfin da ƙusa, ko ka wanke famfon feshin gona tas ka yi amfani da shi. Motar tana tashe, cike da iska, sannan ka kashe inji don ka ji da kunnenka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan isha, an kashe injin markaɗe da janareto, gari ya yi shiru.

Fara da buɗe bonet. A kowane gefe za ka ga saman shokozobar gaba, inda siririn tiyo ya shiga. A W220 nan ne sanannen wurin yoyo: akwai wani baƙin abu mai kama da ƙaro da aka toshe saman da shi, zafi da shekaru sukan tsattsaga shi. A tamu, da na fesa, sai da na ƙirga kusan ashirin ban ga komai ba, har zan wuce, sai ga wasu ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba, suna taruwa kamar ƙwan kwaɗo a bakin kududdufi. Na kira Kawu na haska masa da tocila. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya ci min kuɗin buhun gero nawa?" Saboda haka kada ka fesa ka wuce, ka tsaya ka jira.

Daga nan sai jikin balan-balan, musamman inda robar ke naɗewa, don a nan rairayi ke maƙalewa yana goga ta kullum kamar sanfefa. Wani yoyon ba ya bayyana sai a wani tsayi na musamman, don haka ka gwada tana sama, ka sake gwadawa tana daidai. A wasu motocin robar tana cikin rufi, ba za ka gan ta ba, sai dai ka saurari huci. Sannan ka bi kowane mahaɗin tiyo a akwatin bawul da bakin kwamfureso da tanki. Ka bi tiyon da hannu iya inda za ka iya kaiwa. Motar da ke kwana kusa da rumbu ɓeraye ba sa ƙyale ta, suna gwaguyar tiyo da waya duka.

Abin da na so a ce wani ya gaya min tun farko shi ne kwamfureso ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. An yi shi ne ya yi aiki kaɗan ya huta. Idan akwai yoyo sai ya koma kamar mai ɗiban ruwa da kwando, ya yi ta yi har ya yi zafi ya gaji. Wanda ya canza shi bai toshe yoyo ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Ka duba matatar iskarsa kuma, ƙurar hunturu tana toshe ta. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi masu tsotse danshi, idan suka jiƙe da damina ruwa yakan shiga bawul ya sa su tsatsa.

Sansa

Idan babu yoyo amma mota ta karkace, ko gefe ɗaya ya yi sama fiye da kima, leƙa bayan taya. Za ka ga ɗan akwati baƙi da siririn hannu da ya haɗa shi da ƙafar mota. W220 tana da biyu a gaba, ɗaya a baya. Hannun nan yakan karye ko ya fita daga gurbinsa idan mota ta faɗa rami ko ta bi ta kan kututturen kara a hanyar gona, kuma laka takan daskare a kansa. Wanke shi, cire soket ɗin ka duba ko ya yi kore, ka mayar har ka ji ya kama. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan.

Lokacin zuwa birni

Idan ka bi duk wannan ba ka gano ba, to sai kwamfuta. Amma ƙananan na'urorin da ake haɗawa da waya galibi inji kawai suke karantawa. Marsandi tana son kwamfutar da ake kira Star, Lexus da Toyota kuma Techstream. Ka tambayi mai gyaran tun a waya ko yana da ita, kafin ka ƙona mai zuwa Kano ko Dutse. Ka ce ya nuna maka lambobin kafin ya goge, ka ɗauke su a hoto, ya kuma gwada ƙarfin kwamfureso da kowane bawul ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da aka canza sansa, sai an sake saita tsayin motar da wannan kwamfutar.

Dubi kalar rubutun allo kafin ka kama hanya. Idan cewa ya yi a kai ta gareji kuma motar na tsaye daidai, za ka iya lallaɓawa. Idan ja ne yana cewa mota ta yi ƙasa da yawa, kada ka tuƙa ta: taya za ta ci jikin mota da zarar ka karya kan, kuma tudun kan titi na farko zai iya fasa maka tukunyar baƙin mai. A nemo motar ɗauka, ko a kawo bakaniken gida.

A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, za a nuna maka balan-balan na gwanjo. Ka tuna shekarunsa ɗaya da wanda ya fashe maka, don haka ka matsa a hura shi a fesa masa kumfa a gabanka. Za kuma a ba ka shawarar a cire iskar duka a sa sifirin. Ban ga laifin wannan ba ga motar da kullum tana kan hanyar burji, sai dai laushin da aka sayi motar dominsa ya tafi ke nan, kuma idan ba a rufe bakin kwamfutar ba gargaɗin zai zauna a allo. Kawu dai ya ƙi.

Mai LX470 kuwa, ga naka gwajin. Buɗe bonet ka nemi tankin man AHC, yana da zane-zanen awo a jiki. Sauke motar zuwa LO ka lura da inda man ya tsaya, ɗaga ta zuwa HI ka sake dubawa. Idan bambancin bai kai zane bakwai ba, ƙwallayen gas da ke kusa da kowace ƙafa sun gaji, shi ya sa take dukan ka a baya kamar amalanke. Man AHC na Toyota kaɗai ake zubawa a tankin nan, ba man birki ba, ba na giya ba, ko da mai shago ya rantse maka duk ɗaya ne.