Darasi na Tara: Zaɓen Wurin Ƙaura da Iyali

A watan Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Yara ba sa barcin kirki, ƙurajen zafi su feso musu, manya kuma su yi ta fargabar sanƙarau. A irin wannan lokaci ne magidanci yake fara cewa, "Ni dai zan kwashe iyalina mu koma inda ake samun iska." Tunanin ba laifi ba ne. Amma ƙaura da yara ba irin tafiyar ɗan cin rani ba ce, wanda yake ɗaukar jaka ɗaya ya dawo da faɗuwar ruwa. A wannan darasi za mu ɗauki garin Jos mu yi misali da shi, domin shi mutane suka fi ambata idan ana zancen sanyi da ni'ima.

Me yake kawo sanyin gari?

Abu na farko shi ne tudu. Duk hawan mita 1,000 da aka yi, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Sakkwato tana kan kimanin mita 300 daga saman teku, Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa tana kan kimanin mita 1,200. Wannan ne ya sa mutumin Jos yake rufa da bargo a daren da mutumin Sakkwato ya fito da tabarma tsakar gida. Tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba ya fi Jos tsawo, har ganyen shayi ake nomawa a can, sai dai yana da nisa kuma hawansa da wuya. Zariya tana tsaka-tsaki: ta fi Kano ruwan sama da itatuwa, amma ba ta kai Jos sanyi ba.

Abu na biyu ruwan sama da itatuwa. Jos takan sami ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, wato ya ninka na Sakkwato. Shi ya sa dankalin Turawa da kabeji da karas suke yi sosai a wajen Bokkos da Mangu, a loda su a kasuwar Farin Gada a kai wasu jihohi. Ga mai iyali, samun ganye da kayan miya kusa da gida ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a kula, sanyi ma yana da nasa kuɗi. A watannin Disamba da Janairu daren Jos yakan yi sanyin da jariri da tsoho suke jin jiki. Za a sayi rigunan sanyi da barguna, za a dafa ruwan wanka kullum, gawayi ko gas zai ƙare da wuri. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba. Da damina kuma akan yi ƙanƙara. Sauro yana nan, don haka gidan sauro ya kasance cikin kayan da za a ɗaure.

Gari ɗaya, unguwanni daban-daban

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sunan gari ba ya sanyaya ɗaki. A cikin Jos ɗin akwai Rayfield mai filaye da itatuwa, haya kuma da tsada. Akwai tsofaffin unguwanni masu cunkoso irin su Gangare da Unguwar Rogo, inda gida yake manne da gida, yaro ba shi da wurin wasa sai lungu. Wanda ya bar cunkoso ya faɗa wani cunkoson, iskar kawai ya canja.

Saboda haka a je a gani da ido, kuma a je sau biyu: da bazara, da kuma tsakiyar damina. Da bazara a shiga ɗakin da misalin ƙarfe biyu na rana a tsaya a ciki. Rufin kwano marar silin yakan mai da ɗaki tanda ko a wane gari ne. A duba ko tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa. Itacen darbejiya ko mangwaro a yammacin gida yana tare ranar la'asar, wadda ita ce take gasa bango har cikin dare. A leƙa rijiya a wannan lokaci, domin rijiyar da ke da ruwa a Afrilu ita ce rijiya.

Da damina kuma a dubi ƙasan bango. Idan akwai layin danshi ko siminti yana ɓarewa, ruwa yana kwanciya a wurin. Wurin da ya fi kore sau da yawa fadama ce ko bakin rafi, dillali kuma ba zai faɗa maka ba. A Yulin 2012 ambaliya ta ci gidaje da rayuka a Jos, a unguwannin da ke bakin rafi irin su Rikkos da Gangare. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Gida mai arha a hanyar ruwa ba arha ba ne.

Jos tana da wani haɗari nata na daban. An daɗe ana haƙar kuza a yankin tun zamanin Turawa, ramukan da aka bari kuma sun zama kududdufai masu zurfi, musamman wajen Bukuru da kewaye. Ruwan yana da kyawun gani, yara kuma suna son wanka. Idan akwai irinsa tsakanin gida da makaranta, a nemi wani gidan.

Zaman lafiya

Ba za a yi zancen Jos a ɓoye wannan ba. Garin ya ga munanan rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma tun daga lokacin unguwanni da yawa sun rabu bisa addini. Mutane suna ci gaba da kasuwanci tare, Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. Duk da haka baƙo ya san inda zai sauka, ya san hanyar da 'ya'yansa za su bi zuwa makaranta, ya san inda zai nufa idan an sa dokar hana fita. Wannan ba a sanin sa daga tasha. Sai an zauna da mutanen wurin.

Ga yadda baƙo zai iya tambayar mai unguwa. Ɗalibai biyu su tashi su karanta da ƙarfi:

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ni baƙo ne, ina neman gidan haya a unguwar nan, ina da yara ƙanana."

"Madalla, Malam. Wa ya kawo ka?"

"Wani ɗan garinmu ne da ke sayar da hatsi a kasuwa. Ranka ya daɗe, idan an yi ruwa mai yawa, wane layi ne yake cika?"

Mai unguwa zai faɗi abin da ya sani. Amma uwargida ita ma ta shiga gidajen maƙwabta ta gaisa. Tambaya ɗaya, "Inna, a ina kuke ɗiban ruwa da rani, kuma nawa ne jarka?" za ta fito da abin da maza ba su lura da shi ba. Mata ne suka san asibitin da ake samun ma'aikaciya da dare idan naƙuda ta tashi, su suka san makarantar da malamai suke zuwa da wadda allo ne kawai a bakin ƙofa.

Makaranta da takardu

Shekarar karatu tana farawa a Satumba, don haka dogon hutun Agusta ya fi dacewa da tashi. Kafin a bar tsohuwar makaranta a karɓi takardar canji da sakamakon jarrabawar kowane yaro. A haɗa su da takardar haihuwa da katin rigakafi a leda ɗaya, a riƙe a hannu, kada a sa cikin kayan da za a ɗora a mota. Makarantar firamare ta zama wadda ɗan shekara shida zai iya takawa ba tare da tsallaka babban titi ba. A tambayi Islamiyya ko coci tun kafin a biya haya. Yaran da suka yi wayo a faɗa musu da wuri, a bar su su yi sallama da abokansu.

Me za a ci a can?

Iska mai daɗi ba ta cika tukunya. Tela da makaniki da mai shago suna rayuwa ne da mutanen da suka san su, a sabon gari kuwa ba wanda ya san su. Shawarar da ta fi ita ce maigida ya fara zuwa shi kaɗai ya gwada sana'arsa na 'yan watanni. Idan ta kama, sai iyali su biyo. Kada a sayar da gidan gado ko gona don a sayi fili a garin da ba a taɓa kwana shekara ba. A kama haya tukuna, a karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Ranar da aka zo sayen fili, a tuna dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, saboda haka sai an je ofishin filaye an tabbatar da takarda, maganar dillali ba ta isa ba.

Wani kuma idan ya yi lissafi zai ga ba sai ya bar garinsu ba. Komawa unguwar bayan gari mai fili, sa silin, buɗe taga ta biyu, da dasa itatuwa biyu a tsakar gida na iya rage zafin da ya kore shi, yara kuma suna kusa da kakanninsu.

Aikin yi

1. Jos tana kan mita 1,200, Sakkwato kan mita 300. Nawa ne bambancin?

2. A ce hayar shekara naira 300,000 ce, la'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, motar kaya naira 80,000, kayan makarantar yara uku naira 15,000 kowanne. Nawa za a tanada kafin a tashi?

3. Rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa mai unguwa, da uku da uwargida za ta yi wa maƙwabta.

4. Ku kasu biyu-biyu. Kowa ya zana unguwarsu a takarda, ya nuna inda ruwa yake kwanciya da damina, da inda itatuwa suke, da hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. A kawo zanen a darasi na gaba.