Ku fara toshe ƙasan ƙofa kafin ku kashe kuɗi

'Yan uwa da ke zaune bakin titi a Garwa ko Marwa, ƙarar mashin ta hana ku barci?

Ku nemi tsohon tiyub na taya wajen mai faci. Ku yanka shi dogo, ku buga a ƙasan ƙofa har ya taɓa siminti. Gefen taga ma a cusa roba ko tsumma, sannan a rataya bargo mai nauyi a matsayin labule.

Dalili kuwa, ƙara iska take bi. Duk ramin da haske ke shigowa, nan hayaniya ke shigowa. Da rana ku rufe ɗakin ku duba, za ku ga wuraren.

Don Allah kada ku ɓata sefa kan kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango don tare ƙara. Ba shi da nauyi, amo kaɗan kawai yake ragewa a cikin ɗaki, ga saurin kama wuta.

Dabarar ba ta maganin rugugin ruwa a kan kwano lokacin damina, wannan sai silin. A zafin Maris da Afrilu kuma dole ku buɗe taga.

In kun kunna gawayi a ciki, kada ku toshe ɗakin sam. Hayaƙinsa yana kisa.