Saitin Roundcube mai zurfi: inda sabar imel ta burauza ke yawan cijewa

Sabar imel ta burauza ba manhaja ɗaya ba ce. A tsarin da aka fi haɗawa, nginx ne ke karɓar buƙatar burauza, ya miƙa wa PHP-FPM, Roundcube, wato manhajar da ke nuna imel a burauza, ya yi aikinsa a can, sannan ya nemi Dovecot domin karanta wasiƙu, ya nemi Postfix domin aikawa. Kowannensu da nasa iyakokin da ya zo da su, kuma babu wanda ya san na ɗan'uwansa. Galibin ƙorafin da ke zuwa wa mai kula da sabar daga wannan rashin jituwa yake fitowa. Sunayen saitin da ke nan na Roundcube 1.6 ne da Dovecot 2.3.

Kafin komai, duk gyaran da za ka yi, a cikin config.inc.php za ka rubuta shi. Fayil ɗin defaults.inc.php na karantawa ne kawai, don duk ranar da ka sabunta manhajar za a shafe abin da ka sa a ciki.

Haɗi da Dovecot da Postfix

Daga 1.6 aka haɗe sunan sabar da lambar ƙofa (port) a layi guda: imap_host ya maye gurbin default_host da default_port, smtp_host kuma ya maye gurbin smtp_server da smtp_port. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ɗan rubutun da ke gaban sunan. Idan ka rubuta ssl://, tun daga gaisuwar farko ake ɓoye zancen, wato ƙofa 993 ta IMAP, hanyar karanta wasiƙu, ko 465 ta SMTP, hanyar aikawa. Idan tls:// ka rubuta, a fili ake fara magana sannan a koma ɓoye ta hanyar STARTTLS, wato ƙofa 143 ko 587. Ka haɗa tls:// da 993, shafin shiga zai yi ta juyawa har lokaci ya ƙare, domin kowane ɓangare na jiran ɗayan ya fara magana.

Matsala ta biyu ita ce takardar shaida, wato satifiket ɗin da sabar ke nunawa idan za a ɓoye zance. PHP na duba ko sunan da ka kira ya dace da wanda ke kan takardar. Takardarka na ɗauke da mail.example.com, kai kuma ka rubuta ssl://localhost:993, sai a ce an kasa haɗuwa da ma'ajiya alhali Dovecot lafiyarsa ƙalau. Da yawa sukan kashe verify_peer a cikin imap_conn_options su huta. Gara ka rubuta sunan da ke kan takardar, ka kuma nuna shi ga 127.0.0.1 a cikin /etc/hosts idan duka a na'ura ɗaya suke. A ɓangaren aikawa, ka bar smtp_user a kan %u, smtp_pass a kan %p, yadda kowa zai aika da sunansa da kalmar sirrinsa.

Girman fayil ɗin da ake maƙalawa

Nan ne ake shan wahala, don fayil ɗaya sai ya wuce shinge biyar. A ce kana so a riƙa maƙala fayil mai MB 25.

Shingen farko nginx ne, wanda client_max_body_size ɗinsa ke kan MB 1 kacal. Fayil ya wuce haka, nginx ya mayar da kuskure mai lamba 413, kuma Roundcube bai ma san an yi ba, don haka ba za ka ga komai a rajistarsa ba. Ka mayar da shi 30m. Sai PHP, mai shinge biyu: upload_max_filesize da ke kan 2M, da post_max_size da ke kan 8M. Na farko ya koma 25M, na biyu 30M, saboda shi har da sauran bayanan fom yake ƙirgawa. A kula, PHP-FPM ba ya karanta umarnin PHP da ke cikin .htaccess, nginx kuma ba ruwansa da fayil ɗin gaba ɗaya. A php.ini na FPM ko a fayil ɗin rukunin ma'aikatansa za ka rubuta, sannan ka sake tayar da FPM ɗin. Kada ka gyara php.ini na layin umarni bisa kuskure, sunansu ɗaya, babban fayil ɗinsu ne ya bambanta.

Daga nan lissafi ke canzawa. Imel ba ya ɗaukar fayil yadda yake, sai an mayar da shi rubutu ta tsarin base64, inda kowane bayit uku ke zama huɗu. Idan aka haɗa da karya layuka, ƙarin ya kusa kashi 37 cikin ɗari, ke nan MB 25 ya haura MB 34 a kan hanya. Shi kuwa message_size_limit na Postfix bayit 10240000 ne tun asali, ƙasa da MB 10. Abin da mai amfani zai gani: fayil ya hau lafiya, ya danna aikawa, sai kuskure 552 ya fito. Ka sa message_size_limit a kan 41943040, wato MB 40, ka sa max_message_size na Roundcube a kan 35M, domin a gaya wa mutum tun lokacin maƙalawa, ba bayan ya gama rubuta doguwar wasiƙa ba. Idan wata rana ka so wuce bayit 51200000, wato iyakar girman akwati ta asali, sai ka ɗaga mailbox_size_limit da virtual_mailbox_limit tare, in ba haka ba Postfix zai ƙi isar da wasiƙu cikin akwatuna, yana cewa akwati ya fi saƙo ƙanƙanta.

Kwafin kowace wasiƙa kuma na sauka a akwatin waɗanda aka aika, yana cin rabon ajiyar mai shi. Akwati ya cika, wasiƙa ta tafi amma kwafi ya ƙi ajiyuwa, mutum ya ɗauka ba ta tafi ba ya sake aikawa har sau uku.

Adireshin wa ake gani?

Idan akwai wata sabar da ke tsaye a gaba tana karɓar HTTPS tana turowa ciki, Roundcube adireshinta kaɗai yake gani. Ka sa adireshin nata a proxy_whitelist domin a yarda da X-Forwarded-For da take aikowa. Ka kuma kunna use_https. Idan force_https ka kunna a irin wannan tsari ba tare da an sanar da Roundcube cewa haɗin a ɓoye ya iso ba, zai yi ta mayar da burauza zuwa HTTPS, ita kuma tana dawowa, har burauzar ta gaji.

Haka abin yake tsakanin Roundcube da Dovecot: duk masu shiga ta burauza, daga adireshi ɗaya Dovecot ke ganin su. Dovecot na jinkirta amsa ga adireshin da ya yawaita kuskuren kalmar sirri, don haka wani ɓarawo na gwada kalmomi, jama'a duka na shan jira. Sanya adireshin sabar Roundcube a login_trusted_networks yana ɗauke wannan horon. Idan kuma Roundcube na wata na'ura daban, fail2ban, manhajar da ke gadin Dovecot ta hanyar toshe adireshin da ya yawaita kuskuren shiga, na iya toshe ta ɗungurungum, kowa ya rasa shiga. Ka sa ta a ignoreip, ka mayar da gadin kan rajistar Roundcube ta hanyar matatar fail2ban mai suna roundcube-auth, inda ainihin adireshin mai laifi yake. Ka kunna log_logins, ka bar login_rate_limit a kan 3.

Saitin ip_check yana da daɗin ji, amma mai waya da ke sauka daga Wi-Fi zuwa data adireshinsa na canzawa, sai a kore shi yana tsakiyar rubutu. A bar shi a kashe, sai dai in duk masu amfani a hanyar sadarwa ɗaya suke.

Nauyi da zama

Roundcube ba ya riƙe haɗin IMAP. Kowace buƙata sai ya shiga, ya yi aiki, ya fita. Kowane shafi da ke buɗe kuma na leƙa sabbin wasiƙu duk daƙiƙa 60 bisa refresh_interval. Shafi 300 a buɗe na nufin buƙata biyar kowace daƙiƙa ko da ba wanda ya taɓa komai. FPM kuwa da pm.max_children 5 yake zuwa, wato ma'aikata biyar kacal, kowanne na ɗaukar buƙata ɗaya a lokaci guda. Mutum biyu su buɗe manyan akwatuna, wani ya shiga bincike, saura su hau layi, bayan daƙiƙa 60 nginx ya ba da 504. Ka auna abin da ma'aikaci ɗaya ke ci a ƙwaƙwalwa, ka raba abin da ka ware da shi: GB 2 a kan MB 50 zai ba ka kimanin 40. Kada ka zarce lissafin, na'urar da ƙwaƙwalwa ta ƙare mata ta fi layi muni.

Ka sa imap_cache a kan db ko redis, ka kunna messages_cache, sannan cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa gudanar da bin/gc.sh kullum don share tsofaffin zama da ajiyar wucin gadi. Tsawon zama, session_lifetime, minti 10 ne, kuma dole ya fi refresh_interval tsawo. Shi des_key da shi ake ɓoye kalmar sirrin mutum a cikin zamansa: harafi 24 na kanka, ba wanda ya zo a fayil ɗin misali ba, kuma ranar da ka canza shi duk wanda ke ciki sai ya sake shiga.

Aikawa da sunan wani

Yadda Roundcube ya zo, identities_level na kan 0, kowa na iya rubuta adireshin da ya ga dama a matsayin mai aikawa. Ka mayar da shi 1 ko 3 don a kulle adireshin. Amma wannan labule ne kawai, wanda ya saita manhajar imel a wayarsa ya zagaye shi. Makullin gaske na Postfix ne: smtpd_sender_login_maps ya nuna wane suna ke da wane adireshi, sannan a sa reject_authenticated_sender_login_mismatch a ƙofofin 587 da 465 cikin master.cf. Ka tabbatar adireshin haɗaka, irin na sashen da mutum huɗu ke amsawa, ya shiga taswirar da sunayensu duka, in ba haka ba washegari za a fara ƙin wasiƙunsu.

Idan abu ya ƙi ganuwa, imap_debug da smtp_debug na rubuta duk zancen da ya gudana, har da abin da ke cikin wasiƙun mutane, don haka ka kashe su da zarar ka gama. Ka kashe enable_installer, ka goge babban fayil ɗin installer, ka nuna wa nginx public_html a matsayin tushe yadda config da logs da temp ba za su buɗu ta burauza ba. Sai ka duba lambar sigarka: a watan Yunin 2025 aka fitar da 1.6.11 da 1.5.10 don toshe wata kafa da ke ba duk wanda ya shiga da kalmar sirri damar gudanar da umarni a kan sabar. In taka na ƙasa da haka, ka kwafi rumbun bayanai da config, ka sabunta da bin/installto.sh yau ɗin nan.