Darasi na 7: Idan Mitar Gudun Babur Ta Daina Aiki

A Jos za ka ga babura da yawa allurar mitarsu na kwance a kan sifiri, mai babur kuma bai damu ba. Wannan sakaci ne. Mai gangarowa daga Hawan Kibo yana bukatar ya san gudun da yake yi, domin gangara tana ruɗar ido. Dokar hanya ta Najeriya ta kayyade wa babur kilomita 50 a awa ɗaya. Lambobin da ke cikin mitar kuma su ke nuna tafiyar da babur ya yi, da su ake sanin lokacin juyen baƙin mai.

A babura irin su Boxer da Jincheng abubuwa uku ne ke aikin. Akwai ƙaramar giya a cibiyar tayar gaba, akwai kebul da ya taso daga nan zuwa sama, sai mitar kanta. Taya na juyawa, giya ta juya wayar da ke cikin kebul, wayar ta motsa allura.

Ka fara da kebul, don shi ya fi lalacewa, kuma shi ya fi araha. Ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. Wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Kwance notin da ya ɗaure kebul a ƙarƙashin mita. Za ka ga bakin wayar ciki mai kusurwa huɗu. Juya taya da hannu kana kallonsa. Idan bai juya ba, ka kama shi da yatsu ka ja a hankali. In ya zaro guntu, ga tsatsa, ga bakinsa a tarwatse kamar tsohuwar tsintsiya, to ya tsinke. Ka tafi da tsohon wajen masu kayan gyara a Dilimi don a ba ka mai tsawonsa daidai. Gajere yana tsinkewa idan an karya kan babur.

Kafin ka saka sabo, shafa wa wayar giris kaɗan, amma ka bar ƙarshenta na sama a bushe, kada giris ya hau ya shiga mita. Kada ka lanƙwasa kebul da ƙarfi. Kebul mai lanƙwasa ko wanda ya bushe shi ke sa allura rawa.

Idan wayar lafiya ƙalau take amma ba ta juyawa, laifin yana ƙasa. Ka tuna: an cire tayar gaba kwanan nan wajen mai faci? Sau da yawa a wajen mayar da ita ne ba a zaunar da giyar a gurbinta ba. Wani lokaci kuma laka da yashin damina sun cinye haƙoranta. Wannan aikin sai an cire taya, kuma birki na wurin, don haka gara ka kai wa bakanike in ba ka saba ba.

In kuwa waya na juyawa, lambobi na ƙirga tafiya, allura ce kawai ta ƙi tashi, cikin mita ne ya lalace. Canza ta ya fi buɗe ta.

Aikin yi: Duba mitar babur ɗin gidanku ko na maƙwabci. Rubuta lambar da ke ciki yau, ka sake rubutawa bayan mako guda. Kilomita nawa aka yi?