Yadda Za Ka Gane Tsohuwar Bas a Hoton Gida

Da muka buɗe adakar Kaka a Garwa ta Kamaru bayan rasuwarta, sai ga hoton Baba yana saurayi, ya dafa wata bas a tasha, kaya sun yi mata tozo a sama. Yaya ta dage cewa 1965 ne. Ni kuwa ban yarda ba, kuma motar ce ta raba mana gardama.

Ka fara ɗaukar hoton da waya, a inuwa, ba tare da filasha ba, sannan ka ja shi ya yi girma. Kada fenti da rubutun "Allah Ya Kiyaye" su ɗauke maka hankali. Bodin motar haya yakan sha hannun masu walda da kafintoci har ya sauya kama. Gaban motar za ka duba.

Fara da tambari: tauraro mai tsini uku, Marsandi ce. Idan hancinta gajere ne mai kumburi, irin su 911 da 1113 ke nan, kuma wannan ƙirar ta fara fitowa a 1959. Tambarin zaki, Fijo. Ɗan kan jirgin ƙasa, Berliet. Tamu kuwa ba ta da hanci ko kaɗan, fuskarta a shafe, kuma na iya karanta S da V a gaba: Saviem SG2, wadda tsofaffin direbobinmu ba sa gajiya da labarinta. A 1965 aka fara ƙera ta a Faransa, wajen 1980 kuma sunan Renault ya maye gurbin Saviem. Idan Volkswagen kombi ce, duba gilashin gaba. Wanda ya rabu biyu tsohuwar ƙira ce, wadda Jamus ta daina yi a 1967.

A nan Yaya ta yi tsalle, wai ai ga 1965 ɗinta. Sai dai shekarar ƙira ba ita ce shekarar hoto ba. Abin da kawai take gaya maka shi ne hoton bai riga wannan shekara ba. Mota a hanyar Marwa takan yi shekara ashirin tana jan jiki, wata ma sai ta tsufa a Turai kafin ta iso mu.

Don haka ka sauko kan lamba. Sai a 1983 aka raba lardin Arewa na Kamaru gida uku, ke nan duk lambar da ta fara da EN ko AD, wato sababbin lardunan Arewa Mai Nisa da Adamawa, bayan nan ce. Ka kuma leƙa sitiyari. Idan yana dama, mai yiwuwa motar ta ƙetaro daga Yola ko Mubi, domin Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ne a 1972. Amma ka tabbata rubutun jikin motar bai juye ba, wani mai wankin hoto yakan kifa fim.

Kada ka raina abin da ke bayan mutum. Allo mai Fort-Lamy ya riga 1973, shekarar da garin ya koma Njamena. Tutar Kamaru mai taurari biyu daga 1961 ce zuwa 1975.

A namu hoton, wata 'yar tuta ce direban ya liƙa a gilashi, tauraronta ɗaya tal a tsakiya, ke nan hoton bai riga 1975 ba. Na kai wa Kawu wayar, ya ɗaga ta kusa da ido, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai wannan mai shan ruwa ce a hawan Gaundare. Ni na riƙa bin ta da waji ina tokare mata taya."