Yadda za ka zaɓa tsakanin ABU da BUK idan injiniyanci za ka karanta

Da zarar JAMB ta fara sayar da fom, sai ka ji ɗalibai masu ƙarfi a lissafi suna ta tambaya: Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya ko Jami'ar Bayero (BUK) ta Kano? Dukkansu jami'o'in gwamnatin tarayya ne, digirin injiniya shekara 5 ne a kowacce, kuma idan ASUU ta shiga yajin aiki, kamar na wata 8 da aka yi a 2022, tare ake rufe su. Ba a nan bambancin yake ba.

Mataki na farko, tsai da fannin da kake so kafin ka tsai da jami'a. ABU, wadda aka kafa a 1962, tana da tsofaffin sassa irin su injiniyancin gine-gine (civil), lantarki, makanikanci da sinadarai, ga na ƙarafa da na albarkatun ruwa. BUK, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ita ma tana da manyan sassan, har da na mekatironik mai haɗa inji da lantarki da kwamfuta. Rubuta fanninka, sannan ka kwatanta sashe da sashe. A ganina, wanda ya karɓi kwas ɗin da ba ya so don kawai a ce ɗan jami'a kaza ne, shekara 5 zai yi yana jan ƙafa.

Na biyu, tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, sun amince da wannan kwas ɗin. Kwas-kwas ake tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba, kuma COREN ce za ta yi maka rajistar zama injiniya daga baya.

Na uku, auna makinka da gaskiya. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Ƙaramin makin da jami'a ke sanarwa ƙofar shiga tantancewa ce kawai. Abin da sashen lantarki ko gine-gine ke ɗauka yakan zarce shi nesa. Nemi ɗan aji ɗaya a sashen ka ji da nawa aka ɗauke su bara. Kuma wadda kake so da gaske ita za ka sa zaɓi na farko, domin da wuya irin waɗannan jami'o'i su waiwayi wanda ya sa su na biyu.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa: taka da ƙafarka. Je babban mazaunin ABU a Samaru, je sabon mazaunin BUK a titin Gwarzo. Kar ka tsaya kallon fentin gini. Leƙa wajen aikin hannu, ka tari ɗan aji uku ka tambaye shi: injin gyaran ƙarfen nan yana aiki, ko ƙura ce ta lulluɓe shi? Mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya ranar firaktikal? Idan wuta ta ɗauke, ana tayar da janareta ko a ce a dawo mako mai zuwa? Wa ke shiga aji a kan kari, wa ke ɓacewa sai dab da jarrabawa? Waɗannan ba a rubuta su a shafin intanet.

Sai lissafin aljihu. Zauna da Baba ko wanda zai ɗauki nauyinka ku haɗa kuɗin rajista, ɗaki, abinci da mota. Ɗan Rijiyar Zaki ko Kabuga zai iya zuwa BUK daga gida ya ci tuwon Inna. Idan Zariya ya nufa, sai ya nemi gado a hostel ko haya a Samaru. Akwai lamunin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024, amma bashi ne, za a biya.

Ka kuma hango aji huɗu, lokacin SIWES, wato koyon aiki a masana'anta na wata 6. Kano na da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, Zariya kuwa Kaduna na kusa da ita. Idan bayan fitowar sakamako ka ga makinka bai kai ba, JAMB na ba da damar canza jami'a ko kwas. Yi shi da wuri, kafin a rufe rajistar tantancewa.